Haki da Ma'auninsa a Ƙofar 'Yandaka

Babu tambayar da Bahaushe ya fi yi wa ɗan'uwansa, tun daga fitowar rana har faɗuwarta, kamar tambayar gajiya, kuma babu wadda ya fi ƙin ba ta amsar gaskiya kamarta. Wanda ya zauna a bakin Ƙofar 'Yandaka da hantsi, lokacin da motocin Batsari ke sauke mutane da buhunansu, zai ji ta sau ɗari kafin azahar: ina gajiya, ba gajiya, ina gajiya, gajiya ta bi lafiya, alhali kuwa mai amsawar nan gumi na tsiyaya daga haɓarsa, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, domin ladabi ne, kuma mai tambayar ma da za a ba shi wata amsa dabam sai ya rasa ta cewa. Amma da yake yanzu likitoci sun zo da wata al'ada, ta miƙa wa mara lafiya takarda mai lambobi su ce ya nuna inda hakinsa ya kai, na ga ya kamata a waiwaya a duba yadda mutanen da suka shige ta wannan ƙofa suka riƙa auna wahalar jiki tun kafin a san takardar, da kuma dalilin da ya sa takardar ke shan wuya a hannunmu.

Ƙofar tana yammacin birni, kuma ta ɗauki sunanta daga 'Yandaka, sarautar da mai riƙe da ita yake cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. A zamanin da ganuwa ke tsaye da ƙarfinta, isowa ƙofa bai zama ƙarshen tafiya ba, domin Baturen nan Bajamushe, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya zo Katsina a 1851 ya kintata kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar gidaje sun taru a wani yanki kaɗan, saura duk gonaki ne da fili. Ashe ke nan mai kaya, bayan ya gaisa da sarkin ƙofa, da sauran tafiya a gabansa kafin ya ga rumfar kasuwa. Ga shi kuma ana rufe ƙofofi in dare ya yi, saboda haka duk wanda ya taso daga ƙauye da dami a ka, ko da jaki da mangala, lissafi biyu yake tafe da su a zuciyarsa, na rana da ke gangarawa da na numfashin da ya rage masa. In ya yi sauri ya wuce kima sai ƙirji ya tsai da shi, in kuwa ya yi nawa sai ya kwana a bayan ganuwa tare da kuraye.

Daga irin wannan lissafi ne masu ɗaukar kaya suka fitar da tsarinsu. Fatake na da zango, wato inda ayari zai kwana, 'yan alaro kuma na da loko, inda ake sauke kaya a ɗan huta a tsakanin zango da zango, galibi a gindin itaciya mai reshe daidai kai, yadda mutum zai jingina kayansa ba tare da ya kai shi ƙasa ya nemi mai ɗora masa ba. Wani tsoho da na sani ina yaro, wanda ya yi alaro a ƙuruciyarsa har gammo ya cinye masa gashin tsakar ka, ya taɓa gaya mini cewa shugabansu ba ya tambayar kowa ko ya gaji, domin ya san amsar da za a ba shi. Kunne kawai yake kasawa. Muddin ana waƙa, tafiya na da sauran nisa. In waƙa ta mutu aka koma hira, ba laifi. In hira ta gajarta ta zama kalma ɗaya ɗaya, mutum ya ce “to” ya ja numfashi kafin ya ce “madalla”, loko ya gabato. In kuwa aka yi tsit, ba a jin kome sai haki da takun sawu, to, shugaba ya makara, kuma gobe sai an bar wani a baya. Na daɗe ina ɗaukar wannan labarin tsofaffi ne kurum, sai da na ga masu koyar da motsa jiki na zamani suna faɗar abu guda, cewa wanda ke iya magana amma ba ya iya waƙa yana kan matsakaicin aiki, wanda kuwa ba ya iya haɗa jimla sai ya tsaya jan numfashi ya shiga mai tsanani.

Ta wannan ƙofa ce Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903, zamanin Sarki Abubakar, bayan an ci Kano da Sakkwato, kuma tarihi ya riƙe sunansa ya manta da ɗaruruwan masu ɗaukar kaya da rundunarsa ba ta iya motsi sai da su. Su Turawan mulki sun auna kayan, sun tsai da shi a wajen laba 60 kowane kai, sun auna nisan tafiya da mil, sun rubuta lada. Abin da ba su auna ba shi ne yadda nauyin laba 60 ɗin yake a wuyan saurayi da kuma yadda yake a wuyan mai tari, ko kuwa bambancinsa da asuba da lokacin da rana ta take. Sikeli ba ya faɗin wannan.

A gefen dawaki ma akwai darasi, ko da yake ba zan tsawaita ba. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906, shi ya kafa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje. A wannan wasa ana sukuwa ne na kimanin minti bakwai a tsaya a sauya doki, kuma ɗan barga na kirki ba ya jiran agogo, yana duban buɗewar hancin dokin da bugun kwiɓinsa da kumfar da ke wuyansa ya san ko za a sake hawansa yau. Doki ba shi da baki, sai a karanta jikinsa. Mu kuwa muna da baki, amma kunya ta ɗaure shi.

Sai dai akwai wuri guda da Bakatsine ba ya jin kunyar faɗin iyakar ƙarfinsa, shi ne gaban malaminsa, kuma a nan ne nake ganin asalin ma'aunin wahala a ƙasarmu yake. Duk yaron da ya sauke Alƙur'ani ya shiga littattafai a zaurukan birnin nan ya karanta Ahalari, kuma a ciki ya tarar an jera wa mara lafiya halaye bakwai na yin sallar farilla, daki daki: tsayuwa ba jingina, sannan tsayuwa da jingina, sannan zama ba jingina, sannan zama da jingina, waɗannan huɗu jerantawarsu wajibi ce, wanda ya sauka zuwa na ƙasa alhali yana iya na sama sallarsa ta ɓaci, sauran ukun kuwa, kwanciya a kan ɓarin dama, da na hagu, da rigingine, jerantawarsu mustahabbi ce. To, wa ke yanke hukuncin cewa wane ya kasa tsayuwa? Ba liman ba ne, ba kuma alƙali ba. Shi mai jikin ne, tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma an ɗora masa amanar kada ya sauƙaƙa wa kansa fiye da kima, kada kuma ya tsananta har ya cutu. Manyan malaman fiƙihu sun zurfafa fiye da haka. Alƙarafi, Bamalike mutumin Masar wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe mashaƙƙa a littafinsa Alfuruƙ: akwai wadda ibada ba ta rabuwa da ita, kamar sanyin alwala a hunturu da ƙishirwar azumi a bazara, wannan ba ta jawo rangwame, akwai kuma wadda ke zuwa daga waje, ita kuma hawa uku ce, ta ƙoli wadda ake tsoron rai ko gaɓa, da ta ƙasa kamar ɗan ciwon yatsa wadda ba a kula ta, da ta tsakiya wadda ake duba wane gefe ta fi kusa da shi. Wanda ya natsu ya dubi wannan zai ga mizani ne cikakke, mai kai da gindi da tsakiya, an kuma yarda cewa tsakiyar ita ce mai wuyar sha'ani.

Likitocin Turai ta wata hanya suka biyo, kuma sun daɗe suna ƙin yarda da bakin mara lafiya. Tun 1846 wani likitan Ingila, John Hutchinson, ya ƙera na'urar da mutum ke hura wa iska a ga yawan abin da huhunsa ke ɗauka, aka kuwa yi zaton an gama. Amma sai aka riƙa samun mutum biyu, na'ura ta ba su lamba ɗaya, ɗaya yana noma ɗaya kuwa ba ya iya sa rigarsa sai ya huta. A 1928 ƙungiyar likitocin zuciya ta birnin Niyu Yok a Amurka ta kasa masu ciwon zuciya bisa ga abin da suke iya yi, kuma kason nan huɗu ne ake bi har yau, daga wanda aikin yau da kullum ba ya damunsa har zuwa wanda ke haki yana zaune. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, Dakta Charles Fletcher, wanda ya yi aiki a kan masu haƙar kwal na ƙasar Wels da ƙura ta cinye musu huhu, ya tsara tambayoyi hawa biyar waɗanda hukumar binciken lafiya ta Ingila ta ɗauka a shekarun 1950: ko mutum na haki ne sai in ya yi aiki mai ƙarfi, ko in ya yi sauri ko ya hau ɗan tudu, ko tsaransa na barinsa a baya a kan hanya miƙaƙƙiya, ko yakan tsaya bayan yadi 100, ko kuwa ba ya iya fita gida sam. Duba hawa na uku da kyau, tsaransa na barinsa a baya. Da tsohon nan ɗan alaro ya ji shi da ya gyaɗa kai.

Wanda sunansa ya fi fita a wannan fanni shi ne Gunnar Borg, masanin halayyar ɗan Adam daga ƙasar Suwidin, an haife shi a 1927 ya rasu a 2020. Shi ya ɗora mutane a kan keken da ba ya tafiya, yana ƙara masa nauyi kaɗan kaɗan, yana ƙirga bugun zuciyarsu, yana kuma tambayarsu yadda suke ji, har ya tabbatar cewa abin da mutum ke faɗa da abin da zuciyarsa ke yi suna hawa tare, hawa mai tsari. Ma'aunin da ya fitar, wanda ya bazu daga 1970, ya fara daga 6 ya ƙare a 20, kuma duk wanda ya fara ganinsa sai ya yi mamakin wannan farawa. Hikimar ita ce in aka ninka lambar sau goma za ta yi kusa da bugun zuciyar matashi mai lafiya a minti guda, 60 yana hutawa, 200 ya kai maƙura. A gefen lambobin ya sa kalmomi, 9 sauƙi ƙwarai, 13 da ɗan wuya, 15 da wuya, 17 da wuya ƙwarai, kuma galibi tsakanin 12 da 14 ake son mai motsa jiki don lafiya ya tsaya. Ninkin nan ba ya aiki ga tsoho, ko ga mai shan irin maganin hawan jini da ke rage bugun zuciya, kuma wannan ma shi ya ƙara wa ma'aunin daraja, domin a inda ƙirgen bugu ya ruɗe, jin jikin mutum bai ruɗe ba. A 1982 ya sake fitar da wani daga 0 zuwa 10, wanda shi ne ake yawan miƙa wa masu fuka da ciwon huhu da na zuciya, musamman a gwajin tafiyar minti shida, inda ake sa mara lafiya ya yi ta kai da komowa a baranda mai tsawon mita 30, a tambaye shi lambarsa kafin ya fara da bayan ya gama.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin mutanen ƙasashen sanyi ne, domin ɗaya daga cikin sanannun binciken duniya a kan haki na ciwon zuciya a ƙasar Hausa aka yi shi. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, kuma sun lura cutar ta fi yawa a watan Yuli, suka danganta ta da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna ba za a ɗora wa al'adar laifin duka ba, talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki na da nasu kason. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ciwon ke fara magana: mai jego ta ga ba ta iya gama daka, sannan ƙafa ta kumbura, sannan ta kasa kwanciya miƙe, sai ta tara matasai ta kwana a jingine, har likitoci kan tambayi adadin matasan su rubuta. Ga ta kuwa a ɗakin uwarta, an hore ta tun tana yarinya cewa ko naƙuda ba a yi mata kuka, ana shigowa barka ana cewa yaya ƙarfin jiki, tana cewa da sauƙi. Ina jin wannan “da sauƙi” ta kai mata da yawa kushewa fiye da kanwa, Allah ya jiƙansu.

To, a nan ne takardar lambobi ke cin tuntuɓe. Da fari dai tambayoyin an yanka su ne daidai rayuwar wasu: a tambayi tsohuwar da ke zaune a bayan Ƙofar 'Yandaka hawa nawa na bene take iyawa, ita da ba ta da bene, a birnin da ke shimfiɗe kamar faifai, inda in ka cire matakalar hasumiyar Gobarau da wuya ka sami wurin hawa? Na biyu, lambar kanta baƙuwa ce, kuma mutumin da bai saba a tambaye shi ra'ayinsa a gaban babba ba yakan dubi fuskar likita ya nemi lambar da za ta faranta masa. Kalmomin kuwa muna da su, har sun fi na takardar yawa: akwai gajiya, akwai haki, akwai numfashi sama sama, akwai sarƙewar numfashi, akwai nishi, akwai mutum ya ce ƙirjinsa ya ɗaure ko an danne shi da dutse, kuma mai fuka in hunturu ya kawo ƙurarsa ya san bambancin kowace da 'yar'uwarta. Ma'aikatan lafiya masu basira sun gane haka, sai su bar bene su tambayi guga nawa take ja kafin ta tsaya, ko tana gama shara a tashi ɗaya, ko yana isa masallacin unguwa ba tare da ya dafa bango ba. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jini tana da amfani ƙwarai, kuma a annobar korona ta 2020 an ga mutanen da jininsu ya yi ƙasa alhali ba su jin haki, saboda haka ba na cewa a jefar da na'ura a kama baki kaɗai. Kowannensu shaida ne, kuma alƙali ba ya yanke hukunci da shaida guda in yana da halin jin biyu.

Na ga wannan da idona shekarun baya, da na kai wani kawuna asibiti, dattijo mai sayar da hatsi wanda ya yi shekara arba'in yana zuwa kasuwa a ƙasa, sai muka lura ya fara hawa babur a tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, in an yi magana ya ce rana ce. Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, ta durƙusa ta gaishe shi, ta nuna masa takardar.

“Baba, daga sifiri zuwa goma, ina numfashinka ya kai?”

Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, “Alhamdu lillahi, 'yata, da sauƙi.”

Ta ce, “Baba, lamba nake so.”

Ya sa yatsa a kan biyu, yana yi yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, kafaɗunsa na ɗagawa, har hular kansa na motsi. Na buɗe baki zan yi gardama, ta ɗaga mini hannu, ta kife takardar a kan tebur. Ta ɗan yi shiru, sannan ta tambaye shi a ina yake sallar asuba. Ya ce a gida, tun bayan ƙaramar salla. Ta ce a tsaye ko a zaune? Nan fa ya gyara zama, fuskarsa ta canja, ya koma irin ta mai amsa wa malami fatawa, ya ce da fari yana tsayuwa ya dafa bango, da watan layya ya kama sai ya koma zaune, yanzu kwana goma ke nan sai ya jingina da buhu, sujada kuwa nuni yake yi da kai, domin in ya kai goshinsa ƙasa ji yake kamar an tura shi cikin rijiya. Ta tambaye shi barci, ya ce a zaune, a kan buzunsa, da matashi uku a baya.

Ta jawo katinsa ta yi rubutu, ta fita da sauri ta kira likita, kuma a daren nan aka ba shi gado. Da muka fito neman abin da za a kwana da shi, ɗansa ya ce mini su da ke gida ɗaya da shi ba su san ya bar tsayuwa ba, don kullum yakan tura ƙofar ɗakinsa kafin ya kabbarta.